Mace da Alli: Tarihin Shigar Mata Aikin Koyarwa a Yusufari, Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zagayen duba makarantu a arewacin Jihar Yobe ya san wani abu da ido ke gani tun kafin a buɗe rajista. A cikin garin Nguru da Gashuwa, ƙananan azuzuwan firamare ba su rasa malamai mata. Amma da zarar mutum ya nausa arewa, ya bar Yusufari a baya, ya shiga rairayi zuwa Kumagannam, Tulo-Tulo ko Bulatura, sai ya ga adadinsu yana raguwa, har ya kai makarantar da babu mace a cikinta sai ɗalibai. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutanen karkara suna riƙe da tsohon ra'ayi, wato ba su yarda mace ta yi aiki ba. Wannan amsa tana da sauƙin faɗa, tana kuma ɗauke wa masu tsara ilimi laifi, shi ya sa ta daɗe tana yawo a rahotanni.

Wannan muƙala ta bi sawun ra'ayin ne a tarihi, domin a ga mene ne ainihin abin da iyaye da mazaje suka ƙi, kuma daga ina ƙin ya samo asali. Abin da za a gani shi ne, mace a wannan yanki ta daɗe tana sana'a, ta kuma daɗe tana karantarwa. Inda aka sami saɓani shi ne siffar da aikin malanta ya zo da ita, siffar da aka yanka wa namiji tun farko, sannan aka ce mace ta shiga cikinta haka nan.

2.0 Sana'ar mata da karantarwarsu kafin zuwan boko

Ƙasar Yusufari ƙasar Mangawa ce, tare da Fulani makiyaya da Hausawa, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Tsakanin tuddan rairayinta akwai dausayoyi inda ake samun kanwa da dabino da goruba, ake kuma ɗan noman rani. Rayuwa a irin wannan wuri ba ta barin hannu ya zauna banza. Mace ce ke ɗebo ruwa da itace, ita ke sussuka da daka, ita ke saƙar tabarma da faifai da kabar goruba, Bafilatana kuma ta ɗauki ƙwaryar nono ta yi tafiya mai nisa zuwa kasuwa. A ƙasar Bade, inda Kogin Yobe ya ratsa, mata suna da hannu a sarrafa kifi da shinkafa. Ba a taɓa jin wanda ya kira ɗaya daga cikin waɗannan abin kunya ba.

Ko a cikin gari inda kulle ya yi ƙarfi, sana'a ba ta tsaya ba, ta koma cikin gida ne kawai. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, cike yake da matan aure masu kaɗi da sayar da abinci, kowacce da asusunta wanda miji ba ya taɓawa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa cinikin hatsi mai yawa yana gudana ne a cikin gidaje, a hannun matan kulle. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama, baƙi suka cika shi, kuma wannan cunkoso ya buɗe wa matan gida kasuwar tuwo da fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sai dai a lura da abu guda, domin zai dawo mana a gaba: ƙafar matar kulle ita ce 'yarta. Yarinya ce ke kai talla, ita ke sayo cefane, ita ke kai saƙo gidan dangi, kuma daga ribar tallar ake tara mata kayan ɗaki.

Haka batun yake ta fuskar karantarwa. Tun a ƙarshen shekarun 1780 aka yi muhawara a kan halartar mata majalisin wa'azi, lokacin da wani malamin Borno, Mustafa Goni, ya soki Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan haka, Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan illa. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Gaskiya ne cewa wannan tsari a ƙasar Sakkwato ya yi ƙarfi, yankin da muke magana a kansa kuwa ƙasar Borno ce, Nguru ma mazaunin Galadiman Borno ce tun da daɗewa. To amma Borno ba baya ba ce a karatun Alƙur'ani, kuma a gidajen malamai da gwanaye an saba ganin uwargida tana biya wa yara mata karatu a tsakar gida.

Darasin da ke cikin tsarin Nana Asma'u ya wuce abin da ake yawan ambata. Ta zaɓi jajinta daga cikin dattijai mata, waɗanda suka gama raino, waɗanda tafiyarsu ba za ta jawo magana ba. Masu zuwa ɗaukar karatu su ma galibi tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, matan aure masu ƙuruciya kuwa karatun ne ke iske su a ɗaki. Wato ta dubi rayuwar mace kamar yadda take, ta gina makaranta a kanta. Boko da ya zo daga baya ya yi akasin haka.

3.0 Makarantar Turawa da irin malamar da ta nema

An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai maza. 'Ya'ya mata ba su sami tasu ba sai 1930, lokacin da aka buɗe makarantun mata a Kano da Katsina a ƙarƙashin inuwar sarakuna, daga baya Sakkwato da Birnin Kebbi suka biyo. Cibiyar horar da malamai mata ta farko a Arewa, ta Sakkwato, sai a 1939 ta fara aiki. Ke nan tun daga tushe akwai ratar kusan shekara ashirin tsakanin horar da malami da horar da malama, kuma wannan rata gwamnati ce ta sanya ta, ba mutanen ƙauye ba.

Akwai kuma abin da ake koyarwa. Manhajar 'yan mata ta wancan zamani ta fi karkata ga tsafta, ɗinki, girki da renon yara, tare da ɗan karatu da rubutu da Hausa da lissafi. Manufar ita ce a samar wa ma'aikatan En'e matan da suka waye, ba a samar da ma'aikata mata ba. Turanci, wanda shi ne ƙofar karatu mai zurfi, ba a ba shi muhimmanci a wajensu ba, don haka yarinyar da ta gama ba ta da tsanin hawa sama ko da tana da ƙwaƙwalwa. Ya kamata a tuna cewa Turawan da suka tsara wannan sun fito ne daga ƙasar da ita kanta take da nata tsohon ra'ayin. A Ingila, hukumomin ilimi da yawa sun kasance suna sallamar malama da zarar ta yi aure, kuma ba a hana wannan a dokance ba sai da Dokar Ilimi ta 1944. Saboda haka tunanin cewa aure da aikin albashi ba sa haɗuwa a jikin mace ɗaya, wani ɓangarensa a jirgin ruwa ya zo mana. Ya tarar da kulle a nan, suka yi wa juna daɗi.

A arewacin Borno lamarin ya fi haka tsanani saboda nisa. Nguru da Yusufari suna ƙarƙashin En'e ta Borno ne, mai hedikwata a Maiduguri, tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan hanyar da damina ke yankewa. Bade tana da En'e tata, wadda aka mayar da hedikwatarta daga Gorgoram zuwa Gashuwa a tsakiyar shekarun 1940, zamanin Mai Umar Sulaiman. Yarinyar da ta gama elemantare a wannan yanki, in za ta ci gaba, dole ta bar gida ta tafi makarantar kwana a wani gari, a daidai shekarun da tsararrakinta ke shiga ɗakin aure. Uban da ya ƙi, ba lalle ne karatun ya ƙi ba. Yana lissafi ne: 'yarsa za ta yi shekaru a hannun baƙi, za ta dawo ta wuce lokacin da ake neman irinta, uwarta ta rasa mai talla, kayan ɗaki ba su taru ba, kuma a ƙarshe babu wata malama 'yar garin da zai nuna ya ce ga abin da karatun ke haifarwa.

A shekarun 1950 'yan boko na Arewa sun fara ƙalubalantar wannan hali. Malam Aminu Kano, wanda shi kansa malamin makaranta ne, ya sa 'yancin mata a cikin manufofin NEPU, Malam Isa Wali kuma ya rubuta maƙaloli a jaridar Nigerian Citizen a 1956 a kan matsayin mata a Musulunci, waɗanda suka tayar da ƙura. Amma muhawarar ta tsaya a Kano da Zariya da Kaduna. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

4.0 Daga 1976 zuwa yau

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Satumba 1976, shi ne ya kai aji da allo ƙauyukan da ba su taɓa ganin su ba. An gina azuzuwa cikin gaggawa, aka buɗe kwalejojin horon malamai masu yawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara domin horarwa daga nesa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. Tun da ba a tanadi 'yan mata masu ilimi a shekarun baya ba, babu inda za a samo malamai mata 'yan ƙasa, sai aka cike gurbin da samari masu ƙaramin horo da baƙi daga wasu jihohi, waɗanda yawancinsu ba su jin Manganci ko Badanci, wasu ma ko Hausa.

Duk da haka wannan zamani ne ya kawo canji na haƙiƙa. Kwalejin horon malamai mata da aka yi a Nguru a zamanin tsohuwar Jihar Borno ta rage nisan da ke tsakanin yarinya da takardar malanta mai daraja ta biyu, kwalejin ilimi ta Gashuwa, wadda ke ɗauke da sunan Mai Umar Sulaiman, ta kawo takardar NCE kusa da gida. Da yawa daga cikin dattijan malamai mata da suka riƙe makarantun garuruwan nan ta waɗannan ƙofofi suka fito. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa inda makaranta ta matso kusa, ra'ayi yakan sassauta ba tare da an yi wa kowa lacca ba.

Sai kuma tattalin arziki ya yi nasa aikin. Farin 1973 da na 1984 sun karya manoma da makiyaya, madatsar ruwa ta Tiga da ta Challawa sun rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara a kanta, matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya cinye darajar albashi. Malamai sun sha yin watanni ba biya. Namijin da ya sami wata hanya ya ajiye alli, magidancin da a da yake ganin albashin mace raini ne ya fara ganin amfaninsa a tukunya. Da haka koyarwa ta zama aikin da aka fi yarda mace ta yi a cikin gari, ita da aikin asibiti. An ƙirƙiro Jihar Yobe a 27 ga Agusta 1991, aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, aka yi masa doka a 2004. A gefe guda kuma makarantun Islamiyya na matan aure sun yaɗu tun daga shekarun 1980, aka kafa ƙungiyar FOMWAN a 1985, ganin mace da littafi a hanya ya daina zama baƙon abu.

Mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, da rufe kwalejojin daraja ta biyu, mataki ne mai kyakkyawar niyya wanda a ganin mai wannan rubutu ya cuci karkara. A da yarinya tana iya fita daga firamare ta shiga kwalejin mata, ta fito malama. Yanzu sai ta gama sakandare, ta sami sakamakon da ake bukata, sannan ta ƙara shekara uku. An tsawaita tsanin, ba a ƙara masa matakala a ƙasa ba. Wasu jihohi sun gane haka: daga 2008 an gudanar da shirin tallafa wa 'yan matan karkara su yi NCE a Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato, bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Tunanin da ke ƙarƙashin shirin daidai ne, domin malamar da za ta zauna a Tulo-Tulo ita ce wadda aka haifa a can.

Sannan aka shiga shekarun tashin hankali. An kashe ɗalibai a Mamudo a 2013 da Buni Yadi a 2014. A 19 ga Fabrairu 2018 aka sace 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta Dapchi a ƙaramar hukumar Bursari, maƙwabciyar Gashuwa da Yusufari. An dawo da mafi yawansu bayan wata guda, amma tsoron ya zauna. Uban da ya hana 'yarsa makarantar kwana bayan wannan, zalunci ne a rubuta sunansa a jerin masu tsohon ra'ayi. A 2019 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare.

5.0 Ra'ayi na biyu da nauyin aikin

Tsohon ra'ayin da aka fi sani shi ne mai hanawa. Akwai na biyu wanda ya fi shi ɓoyuwa, kuma ya fi yawa a tsakanin 'yan boko. Shi ne na mijin da ke cewa ya yarda matarsa ta yi koyarwa kawai, saboda aiki ne mara wahala, ana tashi da azahar, akwai hutu sau uku a shekara, ba zai taɓa hidimar gida ba. A zahiri wannan izini ne, amma an gina shi a kan raina aikin. Sakamakonsa shi ne ba a rage wa malama komai daga aikin gida, tun da an ɗauka ba ta yi wani abin gajiya a waje ba.

Mu dubi abin da manhaja ke nema daga malamar aji ɗaya. Ana so ta fitar da tsarin aikin zango daga manhaja, ta rubuta shirin kowane darasi a kai wa shugaban makaranta ya sa hannu, ta kira rajista safe da rana, ta cike littafin abin da aka koyar a mako. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 an ƙara mata auna fahimta a kai a kai, wato gwaje-gwaje da yawa a zango, kowanne da maki da za a tara a shigar. A firamare ba darasi ɗaya take koyarwa ba, ita ce ta Hausa, ita ce ta lissafi, ita ce ta kimiyya. Littattafan rubutun yaran da suka cika aji har bakin ƙofa ba sa dubuwa a cikin awannin makaranta. A leda ake ƙunso su zuwa gida, a duba su bayan isha'i da fitilar waya, bayan an sauke tukunya, an yi wa yara wanka, an kai wa maigida abinci.

A wannan yanki akwai wani nauyi na daban, na harshe. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A Nguru da Gashuwa Hausa ce ta ɗauki wannan matsayi, domin ita ce harshen kasuwa da tasha. Amma yaron da ya shigo aji ɗaya a ƙauyen Yusufari da Manganci ko Fulatanci yake zuwa, na ƙauyen Bade da Badanci. Malamar da ke gabansa tana aiki ne da harsuna uku a lokaci guda: ta lallashe shi da harshen gida, ta bayyana masa da Hausa, ta rubuta masa da Turanci. Babu littafin jagora da ya koya mata wannan, babu kuma shafin da sufeto zai ba ta maki a kansa. Littattafan Hausa da ke hannunta an rubuta su ne da tunanin yaron Kano ko Zariya wanda ya sha Hausa a nono.

Haka nan kalandar aiki ba ta san kalandar rayuwar mace ba. Akwai goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyaye. Akwai wankan jego na kwana arba'in ko fiye. Akwai shayarwa ta kusan shekara biyu, a makarantar da ba ta da inuwar da za a kwantar da jariri, wani lokaci ba ta da ko makewayi na mata. Akwai takaba ta wata huɗu da kwana goma. Akwai jinyar uwar miji, wadda al'ada ta ɗora a kan suruka. Hutun haihuwa yana cikin dokokin aiki, amma ba a saba turo wanda zai riƙe ajin ba, sai a haɗa shi da na kusa, malamar ta dawo ta tarar da yaran sun koma baya kuma abokan aiki suna gunaguni. Daga nan ake samun maganar da shugabannin makarantu ke yi a ɓoye, cewa malamai mata ba su da tabbas. Malama kuwa, domin ta iya fita da safe, sau da yawa sai ta ɗauko ƙanwa ko 'yar dangi daga ƙauye ta riƙe mata goyo. Ga abin takaici: ana koyar da 'ya'yan wasu a bisa hana wata yarinya karatu. Tallar da ta tsare 'yar matar kulle a gida ta sake dawowa da wata kama.

Sai batun canjin wurin aiki, wanda shi ne ainihin abin da ya raba Yusufari da Nguru. Tun zamanin En'e ana ɗaukar malami a matsayin mutumin da za a iya tura shi ko'ina, ya ɗauki tabarmarsa da buta, mai gari ya ba shi ɗaki a zaure. Ba a iya yi wa matar aure haka. Ba za ta bar mijinta da 'ya'yanta a Gashuwa ta tare a ƙauyen da babu gidan malamai ba, kuma hanyar rairayi da sai mota mai ƙarfi ko babur ke ratsawa ba ta jeka-ka-dawo ba ce. Budurwa ko bazawara da ta yarda ta zauna ita kaɗai a baƙon ƙauye kuwa, ta san abin da za a faɗa a kanta. Don haka duk wadda aka tura sai ta bi ta ofis ta nemi a dawo da ita gari. Makarantun gari su cika, na ƙauye su zauna ba mace, iyayen ƙauye su janye 'ya'yansu mata da zarar sun fara girma saboda babu wadda za ta kula da su, ƙauyen kuma ya sake rasa wadda za ta zama malamarsa nan da shekara goma.

6.0 Inda abin ya shafi manhajar Hausa

Mai tsara manhajar Hausa ba shi ke gina gidan malamai ba, ba shi ke rattaba hannu a takardar canjin aiki ba. Amma darasin Hausa shi ne wurin da makaranta ke gaya wa yaro ko wane ne shi, kuma ta nan ra'ayi ke shiga ba sallama. A fannin al'adu, idan aka zo sana'o'in gargajiya, an saba jero noma, ƙira, jima, dukanci, fawa, wanzanci da saƙa, sannan a ware ɗan sakin layi ga kitso da kaɗi da ungozomanci. Ba a cika sanya karantarwa a cikin sana'o'in mata ba, alhali jaji ta riga malamar boko da kusan shekara ɗari. A littattafan koyon karatu kuma, wanda ke tsaye gaban allo a zane kusan kullum Malam ne, uwa tana bakin murhu. Yarinyar Kumagannam da ba ta taɓa ganin malama a makarantarsu ba, ta buɗe littafi ma ba ta gan ta ba.

Adabin da zai gyara wannan yana nan, mata ne ma suka rubuta shi. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. An daɗe ana yi wa irin waɗannan littattafai kallon adabin kasuwar Kano, ana jan ƙafa wajen shigar da su aji. Amma a guji karanta su da sigar da za ta mayar da uban ɗalibi abin dariya. Yaron da aka ce masa mahaifinsa jahili ne zai zaɓi mahaifinsa, ya bar littafin.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan yanki ita ce a sa tarihin nan kansa a cikin darasin insha'i da na adabin baka. A Nguru da Gashuwa har yanzu akwai tsofaffin malamai mata da suka yi ritaya, waɗanda suka fara aiki a shekarun 1970 da 1980. Ɗaliban babbar sakandare za su iya zuwa gaishe su, su tambaye su wanda ya kai su makaranta, wanda ya hana, abin da aka ce ranar da suka karɓi albashin farko, da wanda ya riƙe musu goyo, su rubuta da Hausa, a tara a ɗakin karatun makaranta. A ƙauyukan Yusufari, inda babu irin waɗannan, akwai matan malamai masu biya wa yara allo, akwai kuma masu saƙar kaba da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin tabarma. Ɗalibi zai iya yi musu tambayoyin da Manganci ko Fulatanci, ya dawo aji ya mayar da su Hausa, wanda shi kansa darasin fassara ne da ba ya bukatar a sayo littafi.